Motoci masu lantarki: Wa zai duba wayar da za ta yi cajinsu a Kebbi?

Tun bayan da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur a ranar 29 ga watan Mayun 2023, maganar ababen hawa masu amfani da lantarki ta fito daga zauren taron ƙwararru, ta shiga bakin direbobi da 'yan kabu-kabu a arewacin Najeriya.

Litar man da ake saya ƙasa da naira 200 kafin wannan rana ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, kuma kafin ƙarshen shekarar 2024 ta wuce naira dubu a wurare da dama. A watan Oktoban 2024 ɗin ne kuma gwamnatin tarayya ta sanar da cire harajin VAT a kan motoci masu lantarki, domin ƙarfafa wa jama'a gwiwar sayensu.

Ga direban da ke jigila tsakanin Birnin Kebbi da Argungu, tafiyar kimanin kilomita 50, lissafin yana da jan hankali. Motar Hyundai Kona mai lantarki, wadda kamfanin Stallion ya fara harhaɗawa a Legas a shekarar 2020, tana da batir mai ɗaukar yunit 64 na wuta. Ko da a farashin naira 225 kan kowane yunit, wanda aka sanya wa masu rukunin A a watan Afrilun 2024, cika batirin bai wuce naira 14,400 ba, kuma masu motar sun ce cika ɗaya na iya kai ta fiye da kilomita 400.

Sai dai akasarin muhawarar da ake yi ta tsaya ne a kan tsadar motar da kuma ƙarancin wuta. Ba a cika tambayar abin da zai faru a cikin bangon gida ko shago ba, idan aka jona irin wannan kaya a kan wayar da aka ja domin fitila da fanka.

Daga Birnin Kebbi zuwa Detroit

Birnin Kebbi yana da tsohuwar alaƙa da wannan fanni, ko da yake ba kowa ya san da ita ba.

Jelani Aliyu, mutumin da ya zana siffar motar Chevrolet Volt ta kamfanin General Motors, wadda aka baje kolin samfurinta a birnin Detroit na Amurka a shekarar 2007, ya karanta fasahar zanen gine-gine ne a kwalejin kimiyya da fasaha ta Birnin Kebbi daga 1986 zuwa 1988, lokacin garin yana cikin tsohuwar jihar Sakkwato. Kwalejin ce a yau ake kira Waziri Umaru.

A shekarar 2017 aka naɗa shi shugaban hukumar bunƙasa ƙera motoci ta Najeriya, wato NADDC, kuma a zamaninsa ne hukumar ta buɗe tashar cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, a watan Afrilun 2021. Ita ce ta farko cikin tashoshin gwaji uku da hukumar ta kafa, sauran biyun suna Jami'ar Legas da kuma Jami'ar Najeriya da ke Nsukka.

Can a arewa maso gabas kuma, gwamnatin jihar Borno ta sa motocin haya masu lantarki a titunan Maiduguri a ƙarshen 2023, garin da wani matashi, Mustapha Gajibo, ya yi suna wajen sauya ƙananan motocin bas daga fetur zuwa batir.

Irin waɗannan tashoshi na gwamnati da na jami'a injiniyoyi ne ke tsara su. A ƙasashen da motocin suka yawaita kuwa, an lura cewa mafi yawan caji a gida ake yin sa, da daddare, mai motar yana barci.

Me ya sa caja ta bambanta?

Mai karatu zai iya cewa, ai gidaje da yawa suna da dutsen guga da hita da na'urar sanyaya ɗaki, to me zai sa cajar mota ta zama abin damuwa?

Bambancin yana cikin yawan wutar da take ja da kuma tsawon lokacin da take ɗauka tana ja. Dutsen guga yana kamawa ya saki, tukunyar dafa ruwa tana gamawa cikin 'yan mintoci. Cajar mota irin ta bango, wadda aka fi sakawa a gidaje, tana jan amfiya 32, wato kimanin kilowat 7, kuma tana yin haka ba hutawa har tsawon awa tara ko goma kafin batir kamar na Kona ya cika. Babu wani kayan wuta a gidan talaka ko na mai hali da ke yin irin wannan aiki.

Soket mai baki uku da Najeriya ta gada daga Birtaniya an yi shi ne domin amfiya 13. Akwai ƙaramar cajar da ke zuwa da mota wadda ake iya sokawa a cikinsa, amma yawanci an taƙaita ta a amfiya 10, kuma da ita cika batirin zai ɗauki fiye da kwana guda. Ko da hakan ma, soket ɗin da bakinsa ya saki, ko wanda aka ɗaure wayarsa sako-sako, yana iya yin zafi har ya narke.

Akwai wata ƙa'ida ta kimiyya da ke bayyana dalili. Zafin da waya ke yi ba ya ƙaruwa daidai da wutar da ke bi ta cikinta, ninkawa yake yi. Idan wutar ta ninka biyu, zafin zai ninka huɗu. Idan ta ninka uku, zai ninka tara. Saboda haka mahaɗar wayar da ta shekara goma tana ɗaukar fanka da talabijin lafiya lau, tana iya zama garwashi a daren farko da aka jona mata mota.

Abu na biyu shi ne, mota ƙarfe ce, tana tsaye a fili, wani lokaci cikin ruwan sama, kuma an haɗa jikinta da wayar ƙasa ta gidan. Duk matsalar da ta sami wannan waya, jikin motar ne zai ɗauka, mutum kuma yana iya dafa shi ƙafarsa ba takalmi.

Abin da bincike ya gano a Birtaniya

Birtaniya tana da littafin ƙa'idojin haɗa wuta tun shekarar 1882. A yau ana kiransa BS 7671, kuma bugu na 18 ne ake aiki da shi tun daga 2018. A shekarar 2013 aka ƙara masa wani sashe na musamman, mai lamba 722, domin cajin motoci, sa'an nan aka sake yi wa sashen gyara a 2020. Injiniyoyin Najeriya da dama da wannan littafi aka horar da su, domin tsarin wutar ƙasashen biyu iri ɗaya ne, wato bolt 230 ga ƙananan gidaje da bolt 400 ga masu layi uku.

Gwamnatin Birtaniya ta daɗe tana ba masu motoci tallafin kuɗi domin saka caja a gida, bisa sharaɗin cewa ma'aikacin da aka amince da shi ne zai yi aikin. Daga bisani sai ta ɗauki wata cibiya mai suna Cenex domin ta bi sawun wasu daga cikin ayyukan da aka biya.

A cikin wurare 371 da aka duba, an tarar kusan ɗaya cikin biyar yana da lahanin da ke da haɗari a take, ko kuma wanda zai iya zama haɗari. Waɗanda aka samu ba su da wani aibi ko kaɗan ba su wuce kimanin kashi ɗaya cikin uku ba.

Masu binciken a can suna kasa lahani gida uku. Akwai wanda dole a kashe wutar nan take, akwai wanda ake buƙatar gyara shi cikin gaggawa, akwai kuma wanda shawara ce kawai ta a inganta. Amfanin wannan rabe-rabe shi ne mai gida yana sanin abin da zai iya jira da wanda ba zai jira ba.

Abin lura a nan shi ne, waɗannan ayyuka masu takardar shaida ne suka yi su, a ƙasar da wutar ba ta cika rawa ba, kuma kayan jabu ba su cika kasuwa ba. Duk da haka sai da aka bi baya aka duba kafin a gane.

Me dokar Najeriya ta ce?

Ba wai Najeriya ba ta da doka ba ne. A shekarar 2015 aka kafa hukumar kula da ingancin ayyukan lantarki, wadda ake kira NEMSA, kuma shugabanta shi ne Babban Sufeton Lantarki na Tarayya. A wannan shekarar ce kuma hukumar NERC, mai sa ido a kan harkar wuta, ta fitar da kundin ƙa'idojin samar da wuta da haɗa ta, wanda aka fi sani da NESIS. Dokar Lantarki ta 2023 ta tattaro tsoffin dokokin wuri guda, ta kuma bar wa NEMSA aikinta.

Aikin kuwa shi ne ta duba, ta gwada, ta kuma ba da takardar shaida ga kayan wutar da aka haɗa kafin a fara amfani da su. Ita ce kuma ke yi wa masu aikin wayarin jarrabawa tana ba su shaidar ƙwarewa. Tana da ofisoshin sufetoci a wasu biranen ƙasar, ciki har da Sakkwato.

Hukumar SON ce ke da alhakin ingancin kayan da ke kasuwa, kamar waya da soket da bireka. Shi kuwa kamfanin Kaduna Electric, wanda ke rarraba wuta a jihohin Kaduna da Kebbi da Sakkwato da Zamfara, huruminsa ya tsaya ne a bakin mita.

A takarda dai komai ya tsaru. Amma duk wanda ya taɓa gina gida a arewacin Najeriya ya san yadda aka saba yi. Mai gida ne ke kiran mai wayarin da aka yi masa hanya, su shirya a kan kuɗi, shi ya sayo kayan da aljihunsa ya iya, idan an kunna fitila ta kama to aiki ya yi. Da wuya ka ji an tambayi takardar gwaji. Sufetoci sun fi kai wa ga manyan ayyuka, irin su taransifoma da layukan da 'yan kwangila ke ja, da masana'antu kamar injinan shinkafa na WACOT a Argungu da Labana a Birnin Kebbi, waɗanda dama suna da nasu injiniyoyin.

Wannan giɓi an daɗe ana zaune da shi, kuma akan tuna da shi ne idan gobara ta tashi, kamar wadda ta cinye babbar kasuwar Birnin Kebbi a watan Maris na 2016. Ba kowace gobarar kasuwa ce wutar lantarki ke haddasawa ba, amma yadda ake saƙa wayoyi a rumfuna ya sa ita ake fara zargi.

Abin da sufeto ke dubawa

Binciken wurin caji ba leƙawa ba ne a ga ko fitilar cajar ta nuna kore. Yana farawa ne tun daga mita.

Tambayar farko ita ce ko wayar da ta shigo gidan daga turke za ta iya ɗaukar sabon nauyin a kan wanda ke akwai. A lissafin wayarin na yau da kullum, ana rage wani kaso bisa hujjar cewa ba duk kayan gida ake kunnawa lokaci guda ba. Ƙa'idar Birtaniya ta hana yin wannan rangwame ga cajar mota, sai fa idan an saka na'urar da ke rage mata ƙarfi da kanta a duk lokacin da nauyi ya yi wa gidan yawa.

Sai kuma layin cajar kansa. Ana so ya zama nata ita kaɗai, tun daga akwatin rarraba wuta, da birekarta daban, ba a ɗauko daga bayan soket ɗin ɗaki ba.

A nan ne yanayin Kebbi ke shigowa. Jadawalin da ke nuna yawan wutar da kowace waya ke iya ɗauka an gina shi ne a kan zafin digiri 30 a ma'aunin Salshiyas. Idan zafin wurin ya kai digiri 40, wayar da aka lulluɓe da roba ta yau da kullum tana iya ɗaukar kashi 87 ne kawai cikin ɗari na abin da aka rubuta. A digiri 45 ya koma kashi 79, a digiri 50 kuma kashi 71.

A watannin Maris da Afrilu da Mayu, zafin Birnin Kebbi yakan haura digiri 40 a inuwa. Tsakanin kwano da silin kuwa, inda aka fi bi da wayoyi, ya fi haka nesa ba kusa ba. Ke nan wayar da littafi ya ce tana ɗaukar amfiya 40 za ta koma ƙasa da 32 a digiri 45, kuma ba za ta kai 29 ba a digiri 50. Ma'aikacin da ya kwafo girman waya daga takardar da ta zo cikin kwalin caja daga Turai ko Sin, ba tare da wannan lissafi ba, ya yi kuskure ko da niyyarsa mai kyau ce.

Wannan ma idan wayar ta gaskiya ce ke nan. A kasuwanni akwai wayar alminiyam da aka yi wa rufin jan ƙarfe, akwai kuma wadda kaurinta bai kai abin da aka buga a jikinta ba. Alminiyam ba ya ɗaukar wuta kamar jan ƙarfe, kuma yana saurin saki a mahaɗa. Abin mamaki shi ne, wayar da kamfanonin cikin gida ke yi ta fi suna wajen inganci a kan da yawa daga waɗanda ake shigowa da su, har ta kai masu jabu sunan na gidan suke bugawa a nasu.

Daga nan sai wayar ƙasa, wadda ita ce aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. A mafi yawan gidaje mai gida ne ke kafa sandar ƙarfe a ƙasa, a ɗaura mata waya, domin idan wuta ta tsere zuwa jikin wani kaya ta sami hanyar wucewa. Ingancin wannan hanya ya dogara ne da irin ƙasar da kuma laimarta. Sandar da aka kafa a fadamar Rima, inda ake noman shinkafa rani da damina, ba daidai take da wadda aka kafa a tudu mai yashi ba. Haka kuma sanda ɗaya tana iya ba da kyakkyawan sakamako a watan Agusta, ta zama kamar babu ita a watan Afrilu bayan ƙasa ta bushe. Littafin Birtaniya ya yi gargaɗin cewa sandar da awonta ya wuce om 200 ba abar dogaro ba ce. Wanda ya san aikinsa yakan so ya auna a tsakiyar rani, ko aƙalla ya sake aunawa a lokacin.

Ko da sandar tana da kyau, ita kaɗai ba ta isa ba, kuma lissafin mai sauƙi ne. A ce awon sandar om 100 ne, sai wuta ta taɓa jikin mota. Abin da zai bi ta ƙasa bai wuce amfiya 2.3 ba. Birekar da aka yi domin amfiya 32 ba za ta ko motsa ba. Motar za ta ci gaba da zama da wuta a jikinta har sai wani ya taɓa.

Shi ya sa ake wajabta wata na'ura ta daban da ake kira RCD. Aikinta shi ne ta riƙa kwatanta wutar da ta fita da wadda ta dawo. Da zarar ta ga bambancin da ya kai miliamfiya 30, alamar wuta na yoyo ta wani wuri, wataƙila ta jikin mutum, sai ta katse layin kafin a kai sulusin daƙiƙa. Sufeto ba ya wadatuwa da danna maɓallin gwajin da ke jikinta, yana da na'urar da ke auna tsawon lokacin da ta ɗauka kafin ta katse.

Akwai kuma wani abu da ya keɓanci motoci. Wutar gida kai-komo take yi, ta batir kuwa gefe guda take tafiya. Idan wani lahani ya sa irin ta batir ta koma cikin layin gida, ko da kaɗan ce, tana iya makantar da RCD na gama-gari ya kasa aikinsa. Saboda haka ƙa'idar ta ce sai dai a saka nau'in B, ko kuma nau'in A tare da kariyar da ke gane irin wannan wuta idan ta kai miliamfiya 6. Wasu cajojin suna zuwa da kariyar a cikinsu, wasu ba sa zuwa da ita, kuma da ido ba a bambance su. Zaɓen RCD da bai dace ba yana daga cikin kurakuran da masu bincike ke yawan cin karo da su.

Sauran abubuwan ba su da wuyar fahimta. Ana auna lafiyar robar da ta lulluɓe wayoyi da na'ura mai tura bolt 500, ana duba ko an juya wayoyi, ko akwatin cajar zai iya hana ruwan sama da ƙurar hunturu shiga, ko an kafa shi inda mota za ta iya buge shi. A ƙarshe sai a rubuta sakamakon kowane awo a takarda, da sunan wanda ya yi da kwanan wata.

Wutar da ke rawa

Duk waɗannan ƙa'idoji an rubuta su ne da zaton cewa wutar da ke zuwa daga waje tsayayya ce. A Kebbi kuwa sai a hankali.

Jihar tana samun wutarta ne daga madatsar ruwa ta Kainji, ta babban layi mai kilobolt 330 da ke sauka a tashar Birnin Kebbi. Daga wannan tasha ake tura wuta Sakkwato, daga nan ne kuma layin da ke kai wuta Yamai ya tashi, wanda Najeriya ta katse a watan Agustan 2023 bayan juyin mulkin Nijar, ta kuma mayar a watan Maris na 2024. A watan Satumbar 2023 gobara ta ƙone manyan taransifoma biyu a tashar, lamarin da ya jefa Kebbi da Sakkwato cikin duhu.

A cikin unguwanni kuma, matsalar da aka fi sani ita ce wuta ta zo ba ƙarfi. Wasu cajojin da aka yi domin kasuwar Birtaniya an tsara su ne su katse da kansu idan ƙarfin wuta ya sauka ƙasa da bolt 207 ko ya haura 253, domin a can hakan yana iya zama alamar wata muhimmiyar waya ta tsinke a layin kamfani. A unguwar da wuta ke yini ƙasa da bolt 200, irin wannan caja za ta yi ta katsewa. Abin da ake gudu shi ne mai motar ya gaji, ya kira mai gyara, shi kuma ya cire kariyar gaba ɗaya domin a huta, kamar yadda aka saba ɗaura waya a gurbin fis idan ya cika ƙonewa.

Taransifomar unguwa ma tana da iyakarta. Mai ƙarfin kVA 300, irin wadda ake gani a unguwanni da dama tana ciyar da ɗaruruwan gidaje, cajoji 40 kawai masu kilowat 7 sun isa su cinye ƙarfinta baki ɗaya. Tun kafin a kai nan ma, idan cajoji uku ko huɗu suka faɗa kan layi ɗaya daga cikin ukun, maƙwabtan da ke kan wannan layi za su ga fitilunsu sun dushe. A Birtaniya dole ne a sanar da kamfanin rarraba wuta duk cajar da aka saka, domin ya san inda nauyi ke taruwa.

Sa'an nan ga janareta da sola. Gidan da ke da halin sayen mota mai lantarki da wuya a rasa ɗayansu a cikinsa. Kowannensu yana da nasa tsarin haɗa wayar ƙasa, kuma kariyar da ke aiki daidai a kan wutar kamfani tana iya ƙin aiki idan aka juya zuwa janareta ko inbata. Binciken da aka yi a kan layi ɗaya aka bar sauran bai cika ba.

Babura za su riga motoci

Bisa dukkan alamu, ba mota irin Kona ce za ta fara yawaita a Birnin Kebbi ko Argungu ba, saboda tsadarta. Babur da Keke Napep masu batir sun fi kusa da aljihun jama'a, kuma kamfanoni irin su MAX da Spiro sun riga sun fara harkar a kudu maso yammacin ƙasar, inda ɗan acaɓa ke ajiye batirin da ya ƙare ya ɗauki cikakke.

Cajar babur ba ta jan wuta kamar ta mota, amma tana da nata haɗarin. Batirin litiyam idan ya kama wuta yana da wuyar kashewa, kuma hayaƙinsa guba ne. Hukumar kashe gobara ta birnin New York ta ƙirga gobara 268 da irin waɗannan batura suka haddasa a shekarar 2023, inda mutane 18 suka rasu. Akasari batiran kekuna da babura ne da ake caji a cikin ɗaki, sau da yawa da cajar da ba tasu ba.

A garuruwan arewa akwai sana'ar da ta riga ta kafu, wato ta masu cajin waya, waɗanda ke jera soket hamsin ko ɗari a kan allon katako. Su ne za a fara kai wa batirin babur, kuma da wuya su ƙi karɓa. Wayar salula ba ta jan abin a zo a gani, shi ya sa allon ke jurewa. Amma idan cajar babur ɗaya tana jan kilowat guda, uku kawai sun cika iyakar soket mai amfiya 13, kuma igiyoyin jona wuta masu araha da ke kasuwa ba su kai wannan iyakar ba ma.

Irin wannan rumfa, da ke tsakiyar kasuwa ko bakin tasha, tana jingine da wasu rumfunan, ba ta cikin jerin wuraren da sufeto ya saba zuwa.

Gyaran da aka yi wa tsarin mulki a watan Maris na 2023, tare da Dokar Lantarki ta wannan shekarar, sun ba jihohi damar kafa nasu hukumomin kula da harkar wuta a cikin iyakokinsu, kuma jihohi irin su Enugu da Ekiti da Ondo sun karɓi wannan iko tun a 2024. Masu lura da al'amura na ganin jihar da ta bi wannan hanya za ta iya ɗaura lasisin buɗe wurin caji da takardar gwaji, kamar yadda Birtaniya ta ɗaura tallafinta da bincike. Sai dai hakan yana buƙatar ma'aikatan da suka iya awon, da kuma na'urorin yin sa, waɗanda mai wayarin da ke aiki shi kaɗai ba kasafai yake iya saye ba. Kwalejin Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta jihar da ke Aliero duka suna koyar da injiniyancin lantarki.